Ranar da Inno ta yi wanka bakwai

A unguwar Birni, cikin Damagaram, idan mace ta rasu ba a tsayawa shawarar wa za a kira. Inno ake kira. Ta fi shekara talatin tana wankan gawa, tun tana bin gwaggonta tana miƙa mata ƙwarya, har ranar da gwaggon ita ma ta zo hannunta. Gajeriya ce, siririya, maganarta ba ta da yawa. Abin da take ci da shi daban ne: ƙuli-ƙuli take yi da man gyaɗa, da gyaɗar da 'yan'uwanta ke aiko mata daga ƙauyensu na wajen Damagaram Takaya. Wanka kuwa don Allah take yi. Mutanen unguwa na ganin girmanta, amma irin girman nan na nesa-nesa. Akwai matan da in sun hango ta tafe da 'yar jakarta ta kaba sai gaisuwa ta maƙale musu, su shiga ƙirga tsofaffin layin a zuci.

Abin da aka fi saninta da shi sauri ne. Sau da yawa masu haƙa ba su gama fama da duwatsun maƙabarta ba, ita ta wanke, ta suturta, ta ɗaure, ta koma gefe tana jan carbi. Mazan Birni, waɗanda babban aikinsu ranar mutuwa shi ne zama a inuwa da duban agogo, suna yaba mata ƙwarai a kan wannan. Ita ma ta san ana yabon, kuma in za a faɗi gaskiya tana ji da shi.

Katanga ɗaya ta raba gidanta da na Bilkisu 'yar Togo. Bilkisu ta zo Zinder, wato Damagaram, tana matashiya, da ƙullin atamfa a ka da 'yarta Afi a baya. Nan ta zauna, nan ta musulunta, ta auri Malam Suma'ila baduku. Afi tana shekara tara dangin ubanta suka zo suka tafi da ita Lome. Can ta girma a addinin Kirista, ta yi aure, ta hayayyafa. Bilkisu kuwa ba ta sake haihuwa ba.

Bilkisu kaɗai ce a layin ba ta jin ɗar ɗin sana'ar Inno. Takan shigo ta zauna tana taya ta murza gyaɗa, ta ja ta da zancen mutuwa kamar ana zancen farashin barkono.

"A wurinmu, Inno, mutum sai ya yi wata guda a ɗakin sanyi na likita. A yi wa gida fenti, a ɗinka anko, a kira masu ganga. A sa wa mamaci leshi, a kwantar da shi bisa gado, kowa ya zo ya zaga ya gan shi."

"Wata guda? Bawan Allah na jiran makwancinsa, ku kuna wurin tela?"

"To ku fa? Mutum ya sha kununsa da safe, kafin la'asar an share ɗakinsa. Sai ka ce korarsa kuke."

"Gata ne muke yi masa."

"Mu ma gata ne."

Sun yi shekaru suna wannan musu, babu wadda ta ja ɗayar ko taku ɗaya.

A farkon bazarar bana ciwo ya kwantar da Bilkisu. Wata rana Inno ta shiga duba ta, sai ta kama hannunta ta riƙe.

"Ke za ki wanke ni, na sani. Ban ce a kai ni ɗakin sanyi ba. Ni Musulma ce, yadda ake wa kowa a yi mini. Abu ɗaya nake roƙo. Kada ki rufe fuskata sai Afi ta gani. A wurin dangin ubanta, 'yar da aka binne uwarta ba ta sa ta a ido ba, har ta mutu ana goranta mata. Kuma shekara takwas rabona da ita."

"Bar wannan zance, Allah zai ba ki lafiya."

"Ki ce to."

Inno ta ce to. Ta faɗe shi ne don marar lafiya ta samu barci, ba ta tsaya auna nisan Lome da Damagaram ba.

Ranar Talata da hantsi Bilkisu ta cika. A lokacin Afi ta kwana uku a hanya, don tun da aka ce mata ciwo ya tsananta ta taso. Motarsu ta lalace, ta kwana a Maraɗi. Malam Suma'ila ya kira ta, ya faɗa mata abin da ake faɗa wa matafiyi a ƙasar nan: jiki ya yi nauyi, ta dai yi ƙoƙari. A ganinsa tausayi ne. Afi ba yarinya ba ce, ta ji muryarsa ba daidai ba. Ta kashe, ta kira Inno.

"Inna, ki gaya mini gaskiya." Hausarta ta yarinta ce, da gargada, amma ana ganewa.

Inno ta ce, "Sai haƙuri, Afi. Ta cika ɗazu."

Bayan kukan ya lafa, Afi ta ce, "To ku kai ta ɗakin sanyi. Yau ina isowa, sai mu zauna mu sa rana."

"Nan ba a sa rana, 'yata. An tafi haƙa."

"Yau?"

"Bayan azahar."

Can ƙasa-ƙasa Afi ta ce, "Inna, yanzu ƙaramar mota ke cika a tasha. Ko fuskarta ce, Inna. Fuskar kawai."

Inno ta ɗauki jakarta ta shiga gidan Malam Suma'ila. Tsakanin Maraɗi da Zinder, a motar da ke tsayawa kowane gari, ba tafiyar da za a gama kafin azahar ba ce. Ta sami mai gidan a zaure, ta rage murya ta tuna masa roƙon matarsa, don shi ma ya sani. Dattijon ya share ido da hannun riga. Ya ce shi ba zai iya buɗe baki gaban 'yan'uwansa da liman Goni ya ce a ajiye gawa saboda baƙuwa ba, balle ya ambaci ɗakin sanyi. Mutumin kirki ne Malam Suma'ila, irin kirkin da ba ya tsinana komai ranar da ake buƙatarsa.

Cikin ɗaki, Talatu ta riga ta shimfiɗa tabarma ta rataya labule. Bazawara ce mai jiki, shekara goma sha biyu tana zuba wa Inno ruwa. An ɗauke wuta tun asuba, fanka a tsaye, zafi ya cika ɗakin har bango na hucinsa. Talatu ta aika a nemo ƙanƙara, aka zaga layi uku ba a samu ba.

Inno ta zauna ta buɗe farin yadi, ta shiga yankan likkafani. Abin da takan gama kafin ruwa ya yi ɗumi, yau ta auna shi da kamu, ta sake aunawa, ta ce zaren bai yi mata ba a canzo wani. Talatu ta dube ta ta gefen ido.

"Yaya, lafiya?"

Inno ta gaya mata. Talatu ta riƙe haɓa. "A wannan zafin?"

"A wannan zafin."

Dutsen maƙabarta ya taimake ta har azahar. Da aka sauko daga masallaci, layi ya cika da tabarmi, aka jingine makara a bakin ƙofa. Goni Idirisu, limamin unguwa, ya tako har bakin zaure ya yi gyaran murya. Tsoho ne mai sanyin hali, shi ya sallaci kusan duk wadda Inno ta wanke.

"Inno, an gama can. Ku muke jira."

"Allah gafarta Malam, yanzu muka fara."

Goni ya ɗan tsaya, kamar bai ji daidai ba, sannan ya koma.

Wankan mamaci mara ake yi, ba cika ba: sau uku, in da buƙata biyar, iyaka bakwai. Inno uku take yi, na farko da ruwan magarya, na ƙarshe da kafur, kuma bai taɓa gaza mata ba. Ta yi bisimilla ta fara. Ta wanke aminiyarta a natse, dama kafin hagu, hannunta a ƙarƙashin zane, Talatu na zuba ruwa siriri. Da suka gama na uku ta ɗauki salula ta kira Afi. Sun baro Tasawa, in ji ta, direba ya tsaya ɗaukar buhunan gero.

"Miƙo kafur ɗin in jiƙa," in ji Talatu.

"Ajiye shi. Biyar za mu yi."

Ruwan gidan ya ƙare, ga famfon Birni ya yi kwana huɗu bai ɗiga ba. Sai da aka nemo mai ga-ruwa ya kawo jarka huɗu. Wannan ma ya ci lokaci, Inno ta gode wa Allah a ranta, sannan ta ji kunyar godiyar. Daga waje surutu ya fara canza launi. Tana jin muryar wani ƙanen Malam Suma'ila yana tambaya ko saniya ake fiɗa a ciki. Wani ya ce masa ya ji tsoron Allah. Ba wanda ya isa ya leƙo, wannan ita ce katangar da ta rage mata. Abin da ke bayan labulen mai wanka amana ne, namiji ba ya shiga, kuma ba a tambaya.

Aka kira la'asar suna cikin na biyar. Afi ta ce sun iso Takeita.

Bayan salla Goni ya dawo. Wannan karon bai yi gyaran murya ba.

"Inno, mutane sun bar sana'o'insu tun hantsi. Ba wannan ya dame ni ba. Haƙƙin baiwar Allah nan ne a gaggauta ta. Ke kika sha gaya wa mata haka."

"Haka ne, Allah gafarta. Saura kaɗan."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa maganar ta yi mata zafi. Tun da take ba ta taɓa ganin jinkirin gawa da kyau ba. Ta sha faɗa da 'ya'yan da ke cewa a jira wane daga Yamai. Yau ga ta tana wasa da ruwa a kan matar da ta yarda da ita, tana kuma tsoron abin da zafi ke yi a ɓoye. Ta ɗora tafin hannu bisa cikin Bilkisu ta kan zane. Hannun da ya yi shekara talatin a aikin nan ba ya buƙatar a gaya masa. Lokaci ya fara tafiya.

"Yaya," in ji Talatu a hankali, gumi na ɗiga daga haɓarta, "kada garin cika alkawari mu tona mata asiri."

"Zuba. Bakwai."

Na shida. Na bakwai, da kafur mai yawa, har ƙamshinsa na sa ido ruwa. Inno ta tsane jikin, ta raba gashin gida uku ta kitse, ta kwantar da shi baya. Daga nan babu sauran wanka. Ko ita ba ta da ikon ƙara na takwas.

Salula ta yi ƙara. Afi ce.

"Inna, mun wuce Tirmini, amma jandarma sun tsayar da mu. Sun riƙe takarduna, wai sai babbansu ya duba. Na gaya musu, na roƙe su..."

Maganar ta yanke. Inno ta sake kira, aka ce a kashe take.

Suka ɗaga Bilkisu zuwa kan likkafani. Zane, riga, kallabi. Inno ta naɗe, ta ɗaure ƙafa, ta ɗaure tsakiya. Ta bar fuska a buɗe, ta zauna tana kore ƙuda da mafici. Fuskar ta kwanta luf, ta yi haske, bakin kamar za ta ja wani sabon musu. Hasken da ke shigowa ta taga ya sauka daga bango ya koma ƙasa.

"Inno." Muryar Goni ce, kusa da labulen tsakar gida, inda bai taɓa zuwa ba. "Rana ta kusa yin ja. In ta yi ja, babu salla sai bayan magariba, a kai ta cikin duhu. Kin fi ni sanin ko za ta kai. In kin ce za ta kai, na zauna."

Ya ba ta zaɓi, kuma ya san ba za ta yi masa ƙarya a kan wannan ba. Inno ta dubi Talatu, Talatu ta girgiza kai. Ba za ta kai ba.

Inno ta sunkuya. "Ki yafe mini, Bilkisu. Na yi iyakar yina." Ta ja farin yadin ta rufe fuskar, ta ɗaure kai. Hannunta bai taɓa yi mata nauyi irin na wannan ɗaurin ba. Ta ɗaga murya ta ce a shigo da makara.

Daga tsakar gida, cikin matan da suka yi jugum, take jin sallar. Sallar gawa ba ta da tsawo, ba ruku'u ba sujada. Ta ƙirga kabbara ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ta huɗu. Aka yi sallama. Ta ji ƙarar itacen makara an ɗaga ta kafaɗa, ta ji takun mutane ya fara matsawa. Cikin takun nan ne ta ji kukan babur ya shigo layi da gudu ya tsaya.

Kafin ta kai zaure ta ji muryar. "Mama. Ina Mama?"

Afi ce tsaye a bakin ƙofa, ƙura har gira, jakar tafiya a hannu, ɗan kabu-kabu na bayanta. Makara ta yi taku goma. Masu ɗauka suka waiwayo, suka dubi Goni. Wanda aka sallata aka ɗaga ba a sauke shi sai bakin kabari, ɗaurin kai kuma ba a kwance shi sai a ciki. Kowa a layin ya san haka, ban da Afi. Malam Suma'ila ya kafa ido a ƙasa. Goni ya dubi rana, ya ɗaga hannu alamar a ci gaba.

Inno ta ja mayafi ta fito tsakiyar maza, ba ko takalmi.

"Allah gafarta Malam, a dawo mini da ita. Na yi kuskure a sutura."

 Tun da Inno ta fara aikin nan ba a taɓa mayar mata da gawa ba. Mai wankan da aka mayar wa gawa daga kafaɗar maza, sunanta ya taɓu ke nan, kuma a Birni irin wannan labari ba ya tsufa.

"Wane irin kuskure?" in ji ƙanen Malam Suma'ila.

"Na mata ne."

Ba namijin da ke da tambaya bayan wannan. Goni ya daɗe yana kallonta. Ya dubi matar da ke tsaye da jaka, ya sake duban Inno. Ta san ya gane, ta kuma san ƙarya ta yi a kan gawa, gaban liman, da alwalarta. Amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Zai daɗe?" Goni ya tambaya.

"Gwargwadon ɗaurin kallabi."

"Ku mayar mata," in ji Goni. "A ajiye a zaure, kowa ya fito."

Suna wucewa da makarar ta ji wani na cewa tsufa ya kama Inno, wani ya ce dama tun rana ya ga alama. Ta ji sarai. Talatu ta tare ƙofar zaure da tabarma, Inno ta kamo hannun Afi ta jawo ta ciki.

"Ba kururuwa, 'yata. Kuma kada hawaye ya ɗiga a kanta. Kin ji?"

Afi ta gyaɗa kai. Inno ta durƙusa ta kwance ɗaurin, ta buɗe.

Ta yi zaton ihu, irin wanda Bilkisu ta sha ba ta labari. Afi ba ta yi ba. Ta durƙusa, ta goge hannunta a zane, ta ɗora yatsu biyu a goshin uwarta. Sannan ta fara magana ƙasa-ƙasa da yarensu, a natse, kamar wadda ta dawo daga aike. Inno ba ta jin ko kalma ɗaya, sai can ta fara tsintar sunaye a ciki: Doso, Konni, Maraɗi, Tasawa. Hanya take ba ta labari. Tana gaya wa uwarta inda ta biyo da abin da ya tsayar da ita, don kada ta tafi tana zaton ba ta taso ba.

Daga waje Goni ya yi gyaran murya.

"Afi," in ji Inno, "rufe ta da hannunki."

Afi ta ja yadin a hankali ta rufe. Ba ta san yadda ake ɗaurin ba, sai Inno ta ɗora hannuwanta bisa nata, suka ɗaure tare. Talatu ta janye tabarma, maza suka shigo suka ɗauka, wannan karon da sassarfa, don rana ta taɓa kan katanga.

Afi ta yunƙura za ta bi su. Inno ta riƙe ta a wuyan hannu.

"Mu mata nan muke tsayawa."

Suka tsaya a bakin zaure, makara na nisa bisa kafaɗu, har ta sha kwanar masallaci. Afi ba ta ƙwace hannunta ba.

"Inna," ta ce, "na gan ta."

 Inno ta zauna nan bisa dokin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yi kukan da ba ta samu yi ba tun hantsi.